Yadda nake ciyar da tarwada don kada ciwo ya kayar da ita

A shekarata ta biyu da fara kiwon tarwada a bayan gidana a Tumfure, abincin kamfani ya yi tsadar da ta fi ƙarfina, sai na koma haɗa nawa. Ƙarshen damina ne, na samu tunkuza mai araha a wani injin matsar gyaɗa. Buhunan da ɗan danshi, na ce ai rana za ta gyara. Ba a yi wata guda ba kifin suka rage ci, jajayen gyambuna suka fito musu a ciki da gindin wutsiya, kullum da asuba sai na kwashe matattu. Na yi ta zuba magani a ruwa, a banza. Wani dattijo mai kiwo a Dadin Kowa ya zo duba min. Ko leƙa kwamin bai yi ba, ya ce, "Ɗana, kai ni inda kake ajiye abinci." Ya zura hannu can ƙasan buhu, ya damƙo, ya sansana, ya miƙo min. Fumfuna ce kore-kore. Na ce, "Baba, ai na dafa kafin in haɗa." Ya yi dariya ya ce araha ba ta ado.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ƙwayar cutar da ke kawo waɗannan gyambuna, wadda likitocin dabbobi ke kira Aeromonas, kusan kullum tana cikin ruwan kwami, har na mai lafiyayyen kifi. Ba ta samun ƙofa sai jikin kifin ya yi rauni. Garkuwar tarwada ta farko ita ce yauƙin nan da ke sa ta suɓuce maka a hannu, sai fata, sai bangon hanji, sannan fararen ƙwayoyin jini da hanta. Duk waɗannan da abinci ake gina su. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cin hanta ta karya garkuwar jiki, kuma wutar girki ba ta kashe ta. Shi ya sa dafawata ba ta yi amfanin komai ba.

To, aikin daga sito yake farawa. Kada ka sayi tunkuza, ƙuli-ƙuli ko masara ba ka buɗe buhu ka tona har tsakiya ba. In ka ji warin rima, ko ka ga ya dunƙule, ko launi ya sauya, bar shi ko kyauta ne. A gida ka ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, inda iska ke ratsawa. Watannin Yuli zuwa Satumba ne abin tsoro, lokacin da komai ke jan danshi. Ni yanzu ba na haɗa abin da zai wuce sati biyu zuwa uku. In na kamfani ka saya, duba ranar da aka yi shi, ka ɗebi kaɗan ka sansana. Warin tsohon mai yana nufin kitsen ciki ya lalace, kuma lalataccen mai yana cinye bitamin E da ke kare ƙwayoyin jikin kifin.

Sai furotin, wato sinadarin gina jiki. Ƙananan kifi suna son abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, manya kuwa 35 zuwa 40 ya wadatar. Mai cika haɗinsa da dusa don buhu ya yi yawa, kifinsa zai ƙoshi amma ba zai samu abin gina makaman yaƙi da cuta ba. Waken suya yana taimakawa sosai, amma kada ka niƙa shi ɗanye. Ɗanyen yana da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin. Ka soya shi a kasko har ya yi ruwan ƙasa kaɗan, ƙamshi ya tashi, gafin ya tafi, amma kada ya ƙone. Mu mutanen Gombe muna da wata jarabar kuma, dusar angurya, tunda ƙasar auduga ce kuma tana da sauƙin samu. Tana ɗauke da guba mai suna gosifol. Saniya babba tana jure ta, kifi ba haka ba. In za ka sa, ɗan kaɗan ne, ga ƙanana kuwa ni ba na sawa sam. Garin kifi mai kyau kada ya fita daga haɗinka gaba ɗaya, domin wake da gyaɗa ba su da isasshen metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan da ke haɗa furotin, gyaɗa kuma har wani tubalin mai suna layisin tana da ƙarancinsa. Ana sayar da metiyonin da layisin a shagunan kayan kaji.

Bitamin C shi ne abin da ƙananan masu haɗi suka fi mantawa. Akuya da kaza suna ƙera nasu a jiki, tarwada ba ta iyawa, sai an ba ta. In ya yi ƙaranci, rauni ba ya warkewa da wuri, ƙashin baya yana lanƙwashewa, sannan ga ciwon nan da muke kira fashewar kai, inda ƙoƙon kan kifin ke tsagewa ta baya. Matsalar bitamin C ita ce ba ya jure zafi da danshi. Ka zuba firimis, wato garin bitamin da ake sayarwa a haɗe, a cikin haɗinka, ka bi ta injin da ke ɗaukar zafi, ka shanya a ranar Gombe ta watan Afrilu, yawancin bitamin ɗin ya tafi. Ka tambayi mai shago irin wanda aka haɗa da fosfet, shi ya fi jure wuta. In ba ka samu ba, ga dabarata: in narka garin bitamin ɗin a ruwa kaɗan gwargwadon abin da aka rubuta a jikin leda, in yayyafa a kan abincin ranar kawai, in biyo da ɗan man gyaɗa ya riƙe shi, in bar shi ya sha iska a inuwa, in ba su nan take. Ina yin haka kwana biyar kafin in ware manya da ƙanana, da kwana biyar bayan nan, saboda kamu da juyi a raga suna goge yauƙi.

Ni ba na kiwon jatan lande, amma darasinsu ya shafe mu. Jikin jatan lande ba ya ƙera sinadaran tuna cuta irin na kifi da mutum, don haka allurar rigakafi ba ta yi masa aiki yadda muka sani. Da cutar jatan lande mai suna farin tabo ta ɓulla a gabashin Asiya a 1992, ta kai ƙasar Ekwado a 1999, tana iya share tafki cikin kwana goma, dole masu kiwon can suka mai da hankali kan tsafta da abin da ke motsa garkuwar da aka haifi dabbar da ita. Ɗaya daga ciki shi ne beta-gulukan, wanda ke jikin bangon ƙwayar yis. Kifi ma yana amfana da shi. Ni nakan sa yis ɗin burodi kaɗan a haɗi na sati biyu, in huta, in sake, ba kullum ba. Tafarnuwa da garin zogale ma ana sawa, amma ka ɗauke su a matsayin ƙari. Ba za su gyara abinci mai fumfuna ba, kuma zogale in ya yi yawa yana rage girma.

Yawan abinci ma ciwo ne. Abin da kifi bai ci ba yana ruɓewa a ƙasan kwami ya zama amoniya, ita kuwa tana ƙona wurin numfashinsa. Ka tsaya a kansu kana watsawa kaɗan-kaɗan, da ka ga wawar ta lafa, ka ɗauke hannu. Ana gobe za ka kama su ko za a yi tafiya da su, kada ka ba su komai. Hanjin kaji in za ka bayar, ka tafasa shi sosai, mushen kazar da ciwo ya kashe kuwa binne shi za ka yi.

Hunturu shi ne jarrabawar. Tarwada tana jin daɗi a ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. Daga Disamba zuwa Janairu ruwan kwami da safe yakan yi sanyin da hannu ma ba ya so, narkewar abinci ta yi nauyi, garkuwar jiki ta yi kasala. A nan ne masu ciyarwar asuba ke asara. Ni tun Nuwamba nake ƙara musu bitamin, in rufe kwami da leda da dare, in zuba ruwan burtsatse kai tsaye saboda yana fitowa da ɗumi. Abincin kuwa nakan rage shi kusan rabi, kuma ba na buɗe buhu sai ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da na tsoma hannu na ji ruwan ya saki.