Babi na 6: Aiki da Bokitin Kwasar Ƙasa na Bayan Tarakta

Ɗan uwa mai koyo, sannu da ƙoƙari. A wannan babi za mu koyi aiki da bokitin ƙarfe da ake ɗaura wa ƙaramar tarakta a baya, don kwasar ƙasa, yashi, tsakuwa ko taki. Ka karanta a hankali. In karatun ya yi maka nauyi, sa wani ya karanta maka kana tsaye a bayan taraktar, kana taɓa duk ƙarfen da aka ambata. Babu abin kunya a ciki.

Darasi na 1: Ka san kayan aikinka

Je ka bayan tarakta, inji a kashe. Za ka ga hannayen ƙarfe uku. Biyu suna ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne masu ɗagawa. Na ukun yana sama a tsakiya. Idan ka murɗa cikinsa, tsawonsa yana ƙaruwa ko ya ragu. Shi za mu riƙa kira hannun sama. Harry Ferguson ne ya yi wa wannan tsari na hannu uku rajista a Birtaniya a 1926, kuma har yau da shi ake aiki.

Taraktoci masu ƙarfin doki 20 zuwa 45 yawanci hannayensu na rukuni na 1 ne a tsarin girman hannaye. Ƙusoshin da ke shiga ramukan hannayen ƙasa kaurinsu milimita 22, ta hannun sama kuma milimita 19. Na kawo lambobin ne don kada ka zura guntun rodi a ramin ka ce ai ya shiga. Zai shiga, amma ana cikin aiki zai karye.

Shi kuwa bokitin, faɗin bakinsa yawanci inci 24 ne ko 30, wato kusan santimita 60 ko 75. Yana da baki mai kaifi, da sakata da ke riƙe shi kada ya kife, da igiyar da ake ja daga kujera don buɗe sakatar. Taɓa su ɗaya bayan ɗaya: baki, sakata, igiya.

Darasi na 2: Ɗaura bokiti

Ajiye bokitin inda ƙasa take a daidaice. Dawo da tarakta da baya a hankali, har ramukan hannayen ƙasa su zo daidai da ƙusoshin bokiti. Ja birkin hannu, kashe inji, sannan ka sauko. Muddin inji yana aiki, kada kowa ya tsaya tsakanin tarakta da bokiti, ko da mai taimaka maka ne.

Fara da hannun hagu, sannan na dama, domin a yawancin taraktoci na daman ne ke da abin murɗawa da za ka ɗan ɗaga shi ko ka sauke shi har ramin ya dace. Hannun sama ne na ƙarshe. Kowace ƙusa ka sa mata ɗan makullinta mai zobe, ka rufe zoben har ka ji ƙarar kamawarsa. Sai ka tamke sarƙoƙin gefe, kada bokiti ya riƙa lilo yana dukan taya.

Yawancin bokitan nan ana ɗaura su ta fuska biyu. In baki yana kallon tarakta, gaba za ka yi yana yankar ƙasa. In yana kallon baya, da ribas za ka shiga tsibin yashi ko taki. Mai koyo ya fara da baki yana kallon tarakta. Don ja aka ƙera hannayen nan, in ka matsa musu da ribas cikin ƙasa mai tauri, lanƙwashewa za su yi.

Baki yana kallon tarakta, in ka rage tsawon hannun sama, bakin zai ƙara nutsewa. In ka ƙara tsawon, bakin zai ɗaga. Idan ka juya bokitin baya, akasin haka ne. Zagaye ɗaya ko biyu za ka murɗa, ka gwada, kafin ka ƙara.

Darasi na 3: Kwasar ƙasa

Nan ne aikin yake, nan kuma kusan kowa ke tuntuɓe. Ka ba wannan darasi lokaci.

Kafin komai, tambayi mai wurin ko akwai bututun ruwa ko wayar lantarki a binne. In ƙasar ta bushe ta yi tauri, bi ta da garma tukuna. A yawancin ƙananan taraktoci hannayen nan ɗagawa kawai suke yi, ba sa dannawa ƙasa. Nauyin bokiti da karkatar bakinsa ne ke sa ya shiga. In taraktarka tana da liba biyu na ɗagawa, yi aiki da wadda ke tsayar da hannaye daidai inda ka ajiye ta. Ɗayar ta aikin garma ce.

To, ga yadda ake yi. Sa giya ta ɗaya. Saki kuloci, tarakta ta fara tafiya. Sai tana tafiya za ka fara sauke bokiti, kaɗan-kaɗan, har bakin ya taɓa ƙasa. Ƙara saukewa ɗan kaɗan, zurfin yatsu uku, wato kusan santimita 5. Tsaya nan, ka bar libar. Ci gaba da tafiya, kana waiwaye, za ka ga ƙasa tana naɗewa tana shiga da kanta. Aski ake yi wa ƙasa, ba sara ba.

Mu maimaita. Tafiya tukuna, saukewa daga baya. Yatsu uku.

Ga abin da nake gani kullum a filin koyo. Mai koyo yana tsaye cik, sai ya tura liba gaba ɗaya, bokiti ya faɗi da ƙarfi, sannan ya saki kuloci. Baki ya nutse, inji ya fara gurnani, baƙin hayaƙi ya tashi, tayoyin baya su riƙa juyawa wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Shi kuma sai ya ƙara totur, ramin ya ƙara zurfi. In haka ta same ka, kada ka firgita, ba kai ka fara ba. Taka kuloci. Ɗaga bokiti kaɗan. Koma baya, ka sake farawa: tafiya tukuna, saukewa daga baya, yatsu uku.

Kunnenka zai taimake ka. Da zarar ka ji muryar inji ta yi ƙasa, ko ka ga taya ta fara sulɓi, ɗaga liba ɗan kaɗan kana tafiyar. Kada ka jira sai tarakta ta tsaya. Kuma bokiti ba ya cika a taku biyu. Ka ba shi tazara, ya cika a hankali. In ka kai ƙarshen wurin bai cika ba, tafi da rabin da ka samu. Sannu ba ta hana zuwa.

Wasu za su ce ai sun gane. Ba su gane ba. Na sha faɗa da baki, na nuna da hannu, mutum ya gyaɗa kai, yana hawa kujera ya tura liba har ƙarshe. Wannan ba rashin karatu ba ne, gaggawa ce, kuma ita ke lanƙwasa hannaye ta cinye taya. Kai da ka girma, kada ka bari a yi ta maimaita maka magana ɗaya. Kafin ka hau, faɗa da bakinka sau uku: tafiya tukuna, saukewa daga baya, yatsu uku. Ka yini guda kana gwada wannan kaɗai a ƙasa mai laushi kafin ka karɓi aikin kowa.

Darasi na 4: Ɗauka da zubarwa

Ƙasa tana da nauyi fiye da yadda ido ke nunawa. Ƙasa mai danshi da za ta cika rami mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, takan kai tan ɗaya da rabi. Bokiti cike yana iya haura kilo 200, kuma duk nauyin a bayan tayoyin baya yake. Shi ya sa gaban tarakta ke yin sakayau, ka murɗa sitiyari ta ƙi bi. In ka ji haka, rage kaya, ko ka sa ƙarafan nauyi a gaba. Kada ka ɗora mutum a gaba ya zama nauyi.

Ɗaga bokiti daidai yadda zai bar ƙasa kawai, ka tafi a hankali. In ka isa, ƙara ɗagawa, ja igiya, bokiti ya kife. Kada ka naɗe igiyar a hannu. In shimfiɗa ƙasar kake so, ja igiyar kana tafiya. Daga nan sauke bokiti ƙasa, ka ɗan motsa har ya miƙe sakata ta kama. Waiwaya ka gani da idonka. In ba ta kama ba, ƙasar da za ka kwasa a hanya za ta zube.

Sai ka koma wurin kwasa. Ka tuna dai, tafiya tukuna.

Darasi na 5: Tudu da gangare

Da kaya a baya, da ribas ake hawa tudu. Kada ka ratsa gangare a karkace, kada ka matsa bakin rami. In taraktarka tana da ƙarfen kariya a saman kujera, ɗaura bel. Kada ka ɗaura sarƙa a wurin hannun sama don jan kututture, tarakta na iya kifewa ta baya cikin ƙasa da daƙiƙa biyu.

Darasi na 6: Bayan aiki

Sauke bokiti har ƙasa kafin ka sauko. Kashe inji, cire makulli. Kankare lakar da ta manne, sa giris a sakata. Ƙirga makullan ƙusa, uku ne.