Yadda ake shirya wa gasar wasanni goma, bisa sawun Jim Thorpe

Jim Thorpe ɗan asalin ƙabilar Sac da Fox ne daga Oklahoma a Amurka. A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm ya lashe gasar wasanni biyar da ta wasanni goma. Daga baya ya buga wa New York Giants besbol, ya buga zari-ruga irin ta Amurka a ƙungiyar Canton Bulldogs, har a 1920 ya zama shugaban farko na ƙungiyar da ta koma NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka. Mai son bin sawunsa a fagen tsere, ga ta inda zai kama.

Da farko ka haddace jerin wasannin. Ranar farko akwai gudun mita 100, dogon tsalle, jifan dalma (ƙwallon ƙarfe mai nauyi), tsallen sama da gudun mita 400. Washegari sai tsallake shinge na mita 110, jifan faifai, tsalle da sanda, jifan mashi, a rufe da mita 1500.

Na biyu, gina gudu tukuna, domin tsalle ma da gudu ake ɗauko shi.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: ka fi ba wa wasan da ya fi ba ka wuya lokaci. Maki ake tarawa, kowane wasa da nasa lissafi. Wanda ya ɓata jifa uku a jere ya tashi da sifili, kuma da wuya sauran taran su cike wannan giɓi. Thorpe bai daɗe da fara riƙe mashi ba, amma ya zo na uku a jifansa a gasar wasanni biyar, sauran huɗun kuwa duk shi ya cinye. Dalmar maza kilo 7.26 ce, don haka fara da mara nauyi har hannu ya faɗa.

Sai kayan aiki. Ka ajiye takalma na ko-ta-kwana. Na Thorpe sun ɓace a Stockholm, dole ya sa wari biyu da ba su dace da juna ba, ɗayan ya yi masa yawa sai da ya ƙara safa.

Daga ƙarshe, karanta dokar gasa kafin ka karɓi ko sisi a wani wasa. 'Yan kuɗin da aka biya Thorpe a besbol a 1909 da 1910 su suka sa aka ƙwace lambobinsa na Olamfik a 1913, domin a wancan lokaci wanda aka taɓa biya don yin wasa ba ya shiga Olamfik. Ya rasu a 1953, ba a maido su ba sai a 1982, kuma sai a 2022 aka amince shi kaɗai ne zakaran gasannin biyu.