Babi na 9: Kula da Kunne Bayan an Cire Datti a Asibiti

Darasi na 1: Kwanakin farko

Ma'aikacin lafiya ya cire muku dattin da ya toshe kunne. Wataƙila da ruwa ya wanke, wataƙila da 'yar na'ura ya zuƙe, ko kuma ya jawo shi da ɗan ƙarfen aikinsa. Barka da arziki. Yanzu saura aikin gida, kuma ba mai wuya ba ne. Ku karanta a hankali. Wanda kalma ta kakare masa ya tsaya, ya sake, ba wanda yake koran ku.

A ranar farko za ku ji ƙara ta yi yawa. Motsin takarda ko zubar ruwa sai su zama kamar a cikin kai ake yin su. Kada ku tsorata, kunne ne ya buɗe. Wasu kan ji ɗan jiri na ɗan lokaci, wasu kuma ƙaiƙayi.

Kada ruwa ya shiga kunnen har kwanakin da ma'aikacin lafiya ya faɗa muku su cika. Idan za ku yi wanka, ku dunƙula auduga mai tsabta, ku shafa mata basilin, ku ɗora a bakin kunne. A baki na ce, wato ƙofar da ido yake gani. Da kun gama wanka ku cire ta, ku goge bayan kunne da bakinsa da tawul. Iyakar inda yatsa mai tawul ya tsaya, nan ne iyakarku.

Darasi na 2: Kada a saka komai a cikin kunne

Wannan ne darasin da ya fi kayar da ɗalibai, don haka za mu daɗe a kansa. Ku karanta da ƙarfi, sau 3:

Ba na saka tsinke a kunnena.

Madalla. To, me ya sa? Ramin kunnen babban mutum wajen santimita 2 da rabi ne. Ku dubi gaɓar ƙarshe ta babban yatsanku, kusan tsawonsa ke nan. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, wata siririyar fata da ke karɓar sauti. Shi kuwa abin da muke kira datti, jiki ne yake yin sa da gangan, a sashen ramin da ke kusa da waje kawai. Yana tare ƙura da ƙananan ƙwari, yana hana fata bushewa. Fatar ramin tana tafiya sannu a hankali daga ciki zuwa waje tana ɗauke da shi, tauna da magana kuma suna taimaka mata. Wato kunne shi yake share kansa.

Idan aka zura tsinke, ɗan kaɗan ne yake mannewa a jikinsa. Sauran sai a danna shi can ciki, kusa da dodon kunne, inda ba ya iya fitowa da kansa. Nan zai taru, ya daskare, ya sake toshe ku.

"Malam, ai tsinken auduga nawa na kanti ne, mai laushi." Shi ma a'a. "To ashana fa?" A'a. Makulli, fil ɗin gashi, farce, duk a'a. Ku sake karantawa:

Ba na saka tsinke a kunnena.

Na san ƙaiƙayin yana da cin rai, musamman bayan an wanke kunne, domin fatar ta rasa maiƙonta. Idan ya taso, ku danna ɗan tudun naman da ke gaban ƙofar kunne da yatsa, ku murza a hankali daga waje. Ku gwada yanzu. Kun gani? Za ku iya.

Amma fa zan faɗa muku gaskiya. Ina karanta wannan darasi a aji, wani dattijo yana gyaɗa kai, murfin biro yana cikin kunnensa, ya lumshe ido ɗaya yana juyawa. Haba jama'a! Na gaji da jin "ai a hankali nake yi". Yaro ya bangaji gwiwar hannunka sau ɗaya, dodon kunne ya fashe, ina amfanin a hankalin? Kuma 'ya'yanku suna kallo, abin da kuka yi shi za su yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ware 3 ga Maris na kowace shekara don ranar kula da ji, ita ma abin da take faɗa ke nan: kada a zura komai a kunne. Ku ɗauki fensir ku rubuta jimlar nan sau 5 a littafinku. Fensir ɗin ma ba na kunne ba ne.

Darasi na 3: Ɗiga mai

Wasu mutane kunnensu yana yawan tara datti, musamman tsofaffi, da masu matsattsen rami ko gashi a kunne. Irin waɗannan akan ce su riƙa ɗiga man zaitun mai tsabta don dattin ya yi laushi. Sai ma'aikacin lafiya ya ce ku yi tukuna. Wanda dodon kunnensa ya huje, ko aka taɓa yi masa tiyatar kunne, ko kunnen yana zubar da ruwa, kada ya ɗiga komai.

Ku wanke hannu. Ku riƙe kwalbar a tafin hannu ta ɗan yi ɗumi, ba a ɗora ta a wuta. Ku kwanta a gefe, kunnen yana kallon sama. A ɗiga ɗigo 2 ko 3. Ɗigo, ba cokali ba. Ku zauna a kwance minti 5 zuwa 10, sannan ku tashi ku goge wanda ya gangaro waje. Idan takardar asibiti ta ce "sau 1 a mako", rana ɗaya ke nan cikin kwana 7. Kada ku ce bari in bi man da tsinke don ya shiga sosai. Ku koma Darasi na 2.

Darasi na 4: Abin sauraro

Abin sauraron waya da ake cusawa a kunne da na'urar taimaka wa ji suna hana datti fita. Ku riƙa goge su, ku riƙa ba kunne hutu. Mai na'urar ji ya riƙa zuwa ana duba masa kunne.

Darasi na 5: Yaushe za a koma asibiti?

Idan akwai ciwo, jini, mugunya, zazzaɓi, jirin da ya ƙi tafiya, ko kunnen ya sake toshewa. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya, a tafi a ranar, kada a kwana.

Aikin gida: ku rubuta alamomi 3 daga cikin waɗannan, ku kawo gobe.