Kafin a sauke inji, a duba bawul ɗin numfashi: yadda ake canza shi a tsohuwar mota

A garejinmu nan Gombe, motocin da suka fi shigowa da ƙorafin shan baƙin mai su ne masu dogon zango, 'yan hanyar Bauchi ta Alkaleri da 'yan hanyar Yola ta Billiri da Kaltungo. Direba zai ce mai yana raguwa, gefen inji ya jiƙe, salansa tana ɗan hayaƙi, kuma an riga an ce masa sai an sauke inji an yi ringi. Wani lokacin gaskiya ne. Amma ni ban yarda a kwance ko noti ɗaya ba sai na duba hanyar numfashin injin, wato bawul ɗin PCV da tiyoyinsa, domin kuɗinsu bai kai kuɗin juye ɗaya ba, kuma sau da yawa su ne masu laifin.

Duk injin da ke aiki, komai lafiyarsa, wani ɓangare na iskar da ta ƙone a saman fistin yana kuɓucewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda kiranshaf da baƙin mai suke. Cikin wannan iska akwai fetur da bai ƙone ba, da tururin ruwa, da hayaƙi. A motocin da, bututu kawai ake sa wa ya zubar da ita a titi, har jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta mayar da ita cikin inji a sababbin motoci a farkon shekarun 1960, daga baya kowa ya bi. Tsarin tiyo biyu ne. Ɗaya yana kawo iska mai tsabta daga bututun iya kilina zuwa murfin saman inji. Ɗayan yana ɗauke da bawul, shi ke barin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, ya zuƙe gurɓatacciyar iskar ya mayar da ita ta ƙone. A cikin bawul ɗin akwai ɗan ƙarfe da sifirin: idan mota tana silo zuƙar manifol tana da ƙarfi, sai ya matse hanya, idan ka taka totur sai ya ƙara buɗewa.

Idan ya toshe, iskar ba ta da mafita, sai ta nemi inda ya fi rauni. Gasket ɗin murfin sama ya fara tsatsafo, oyil sil, wato zoben robar da ke tare mai a bakin kiranshaf, na gaba ko na baya ya fara ɗiga, sandar auna mai ta riƙa ɗagowa da kanta, ka buɗe gidan iya kilina ka tarar da mai a ciki. Idan kuma a buɗe ya maƙale, silo ba zai zauna ba, injin zai riƙa zuƙar mai yana ƙonawa, hayaƙi mai ruwan shuɗi ya biyo salansa, filogi ya yi baƙi. A mota mai kwamfuta wutar inji tana iya kamawa, na'ura ta nuna P0171, ma'ana iska ta yi wa fetur yawa.

Akwai abin da nake gani yana ɓata mini rai. Tiyo ya tsage, sai a cire shi a cusa ƙusa ko tsohon filogi a bakin a ɗaure da waya, a ce wa mai mota an gyara. Silo zai zauna a ranar, shi ya sa mutane ke yarda. Amma an rufe wa injin numfashi ke nan, nan gaba kaɗan sil zai saki, kuma canza na baya sai an sauke giyabos. Wasu kuma su bar tiyon iska yana lilo ba a haɗe ba, ga ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye cikin baƙin mai ba tare da ta bi ta iya kilina ba.

Ka sayi kaya kafin ka taɓa komai: bawul, da robar da yake zama a ciki, da tiyo biyun, da kilif. Bawul na kowane inji da ma'auninsa, ko da sun yi kama a ido, don haka ka faɗa wa mai shago lambar inji, ko ka nuna masa hoton naka. Robar kuwa kada ka yarda da ta Beljiyam, domin shekarunta ɗaya da wadda za ka cire. Tiyo ya zama wanda aka yi don mai. Na ruwan lagireto yana kumbura ya yi laushi idan ya sha baƙin mai, mai laushi kuma manifol yana zuƙe shi ya lanƙwashe, hanya ta sake toshewa.

Bari injin ya huce, musamman a watan Maris da Afrilu da bonet ke ƙona hannu ko ba a tayar da mota ba. Ɗauki hoton wurin da wayarka. Sannan ka goge kewayen bawul ɗin da tsumma sosai, saboda duk yashin da ke wurin ciki zai faɗa da zarar ka buɗe.

A Camry ƙirar 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu, bawul ɗin cusa shi aka yi cikin roba a kan murfin sama. Matse kilif da filaya ka ja shi baya, ka murɗa tiyon hagu da dama har ya saki, kada ka fizga. Sai ka kama bawul ɗin ka riƙa juya shi kana ja sama. Girgiza shi kusa da kunnenka. Idan ba ka ji ƙas-ƙas ba, ya mutu. Idan ka ji, ba shaidar lafiya ba ce, domin sifirin yana iya gajiya ƙarfen kuma ya ci gaba da kaɗawa. Tunda ka riga ka cire shi, sa sabo.

Wurin da aikin yake neman haƙuri shi ne robar. Wadda ta shekara ashirin tana shan zafin inji ta daina zama roba, tana karyewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Idan ka sa sukudireba ka ɓanɓare ta da ƙarfi, rabin ƙasan zai gutsure ya faɗa cikin murfi. Ni filaya mai dogon baki nake sa wa, in kama leɓen robar in lanƙwasa shi zuwa tsakiyar ramin, in ja a hankali ina juyawa. Idan ta fito, nakan jera gutsattsarin a kan tsumma in ga ko sun haɗa zobe cikakke. Yaron da ke koyo a wurina ya kan ce, "Maigida, ai ɗan ƙarami ne ya faɗa," ni kuma in ce masa ya kawo tocila da waya mai ƙugiya. A yawancin injina akwai faranti a ƙarƙashin ramin da ke tare shi, ana iya zaƙulo shi. Idan ya ƙi, gara a cire murfin gaba ɗaya a sa sabon gasket da a bar shi ya gangara ya toshe rariyar famfon mai.

Goge ramin, shafa wa sabuwar roba ɗan baƙin mai, tura ta da babban yatsa har leɓenta ya kwanta ko'ina. Sannan bawul ya shiga, bakinsa yana kallon inda tsohon yake kallo a hotonka. A Camry ƙirar 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, mai silinda huɗun bawul ɗinta ɗaure shi ake yi da sifana, ba roba. Fara ɗaura shi da hannu har ya yi nisa kafin sifana ta taɓa shi, kuma da ya zauna ka tsaya, domin murfin ba ƙarfe mai tauri ba ne, zarensa yana cinyewa nan da nan.

Kada ka sa sabon tiyo sai ka leƙa bakin da yake shiga a manifol. Nan ne mutane ke mantawa. Sau da yawa baƙin dasƙararren datti ya cike shi, ƙofar ta rage ƙanƙanuwa, sabon bawul kuma ba zai yi komai ba idan babu zuƙa. Sa waya ka kankaro shi waje, ka goge. Tiyon iska mai tsabta ma ka busa shi ka ji ko yana wucewa. Iya kilinar da ta jiƙe da mai a canza ta.

Motocin Jamus, irin Golf 3 da Sharan da suka cika tashoshinmu, da yawansu ba su da bawul mai kaɗawa. Wani baƙin faifai ne na roba mai tauri, da siririyar fata a ciki. Idan fatar ta yage za ka ji fito a silo, murfin zuba mai kuma ya yi wuyar buɗewa saboda zuƙa. Wannan ba a wanke shi da fetur, canzawa ake yi. Bututansa sukan karye a hannu, don haka ka tanadi nasu tun farko.

Ka gama haɗawa, tayar da mota ta yi zafi, ka saurara ko akwai inda iska ke shiga da ƙarar sss. Buɗe murfin zuba mai, matse tiyon iska mai tsabta da yatsu, ka ɗora takarda a bakin ramin zuba man. Idan komai daidai ne, takardar za ta manne a hankali. Ka wanke gefen injin da ya jiƙe don ka gane ko sabon mai yana fitowa, kuma idan ka ga datti da yawa a ciki, ka yi juye da sabuwar filta. Sil ɗin da ya fara tsatsafo saboda matsi yakan rage bayan gyaran, wanda ya riga ya yage kuwa sai an canza shi.

Idan takardar ta ƙi mannewa, hayaƙi yana bugowa daga ramin fuf-fuf yana ture ta, alhali bawul da tiyo sababbi ne kuma hanyar manifol a buɗe take, to iskar da ke kuɓucewa ta fi ƙarfin tsarin. A nan sai a cire filogi a auna matsin kowace silinda da geji, a zuba ɗan mai a wadda ta yi ƙasa a sake aunawa. Idan lambar ta tashi sosai bayan zuba man, ringi ne, sai a zauna da mai mota a yi maganar sauke inji.