Darasi Na Tara: Idan Kwamfuta Ta Ƙi Aiki, Me Za A Fara Dubawa?

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake rungumowa a kai wa mai gyara ba lalacewa suka yi ba. Wata caja ce ba ta zauna daidai ba, wata agogonta ne ya koma baya, wata kuma ƙura ce ta toshe mata hanyar iska. A wannan darasi za mu koyi abin da mutum zai duba da kansa a gida kafin ya kashe kuɗin mota da na gyara.

Ku riƙe abu biyu tun daga nan. Ana fara dubawa daga waje, wato soket da waya da maɓalli, kafin a zargi cikin kwamfuta. Sannan abu ɗaya ake taɓawa, a gwada, a gani, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya canja abu biyar a lokaci guda, ko kwamfutar ta gyaru bai san wanne ne ya gyara ta ba, gobe kuma matsalar ta dawo ya rasa inda zai kama. Idan wani rubutu ya fito a fuskar kwamfutar, ko da Turancin ya fi ƙarfinku, ku ɗauki hotonsa da waya. Zai yi amfani daga baya.

Ta ƙi kunnuwa

Ku fara da soket. Ku jona cajar waya a wurin, ku ga ko tana kawowa. Idan kwamfutar cinya ce, cajarta kashi biyu ce: akwai wayar da ke zuwa bango, akwai ɗan akwatin da ke tsakiya. Sau da yawa a mahaɗarsu ne wayar ke sassautowa, musamman a gidan da yara ke tsallake ta. Ku tura ta ta zauna. Ta tebur kuwa, wasu suna da wani ƙaramin makunni a baya, kusa da inda wayar wuta ke shiga, kuma mai shara na iya taɓa shi ba da sani ba.

In duk wannan lafiya lau ne, ku cire caja, ku cire batir idan mai fita ne, ku danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ku mayar da caja ku kunna. Idan kuna jin ƙarar fanka amma fuska baƙi ƙirin, to kwamfutar ta tashi. Ku ƙara haske, ko, in ta tebur ce, ku duba wayar da ke tsakanin akwatin kwamfutar da allonta.

Aron caja yana da sharaɗi. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfin wutar da take bayarwa, misali 19.5V ko 20V, kuma ana rubuta wanda kwamfutar ke buƙata a ƙasanta ko a jikin cajarta ta asali. Bakin caja ya shiga rami ba shi ke nuna ta dace ba. Haka kuma idan an ɗauke wuta, ku zare caja daga bango, in an dawo da ita ku bari ta daidaita tukuna. Lokacin tayar da janareta da lokacin kashe shi ma haka. Idan kuwa kun ji ƙaurin ƙonewa, ko kun ga batir ya kumbura har yana ɗaga madannai, babu sauran gwaji. A zare daga wuta, a kai wa masu gyara.

Ta sandare, linzami ba ya motsi

Ku ba ta minti ɗaya ko biyu. Danna nan, danna can, ƙara mata lodi ne kawai. In ba ta saki ba, ku danna Ctrl da Shift da Esc tare. Wani akwati mai suna Task Manager zai buɗe, ya jero duk manhajojin da ke aiki. Ku zaɓi wadda ta maƙale, ku danna End task. Abin da kuka rubuta ba ku adana ba zai iya tafiya, shi ya sa mai rubutu a kwamfuta yake sabar wa yatsunsa danna Ctrl da S a kai a kai.

Akwai abin da mutane da dama ba su sani ba game da Windows 10 da Windows 11. Idan aka danna Shut down, kwamfutar takan ajiye wani sashe na aikinta don ta tashi da sauri, to wani lokaci har da matsalar take ajiyewa. Restart ne ke share komai ya fara sabo. Saboda haka idan sauti ya ɗauke, ko firinta ta ƙi amsawa, ko intanet ya ƙi haɗuwa, Restart za ku danna. Danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 har ta mutu, wannan sai an rasa yadda za a yi, domin yawan yin haka yana lalata fayiloli.

Zafi da nauyi

Kwamfutar cinya tana shaƙar iska ta ƙasa, ta fitar ta gefe ko ta baya. Ɗora ta a kan katifa ko filo ko bargo toshe mata hanci ne. Za ku ji fanka tana ta gurnani, ƙasanta ya yi zafi har ba ya taɓuwa, daga nan ta kashe kanta. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Ku ɗora ta a kan tebur, ko faranti, ko wani katako mai faɗi. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a ramukan iskar, bazara na zuwa sai zafin ya haɗu biyu. Ku kashe ta, ku share ramukan da burushi mai laushi, in ba a aiki da ita a lulluɓe ta da ƙyalle.

Nauyi kuwa, sau da yawa daga RAM ne, wato wurin da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki da shi a lokacin. Ku ɗauke shi kamar teburin tela: in an jibge yadudduka goma a kai, ko almakashi ba ya samun wurin motsi. Kwamfuta mai 4GB ba ta jure shafi 20 a buɗe a burauza (manhajar shiga intanet), ga bidiyo, ga Word. Ku rufe abin da ba ku aiki da shi. A cikin Task Manager akwai wurin da aka rubuta Startup, nan ne ake hana manhajojin da ba a buƙata tashi tare da kwamfuta. Ku leƙa This PC ma. Idan layin da ke ƙarƙashin C ya koma ja, ma'ajiyar ta kusa cika. Ku kwashe finafinai da hotunan biki zuwa wani wuri, ku zubar da Recycle Bin.

Wata alama ce ba a wasa da ita: ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, tare da nauyi mai tsanani. Ma'ajiyar ce ke shirin mutuwa. A ranar, ba gobe ba, ku kwafe takardunku da hotunanku.

Burauza ta ƙi buɗe shafi

Burauza ita ce manhajar shiga intanet, irin su Chrome da Firefox da Edge. Idan shafi ya ƙi buɗewa, ku gwada wani shafin daban. In shi ya buɗe, laifin na shafin farko ne, sai haƙuri. In duka sun ƙi, ku duba ko data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko an taɓa alamar jirgin sama da ke kusa da agogo. Mai amfani da na'urar Wi-Fi ya kashe ta na daƙiƙa 30 ya sake kunnawa.

Akwai matsala guda da ke rikita masu tsofaffin kwamfutoci, kuma yawancin na hannu da muke saye tsofaffi ne. Data na nan, sabis ya cika, amma kowane shafi aka buɗe sai gargaɗi ya fito da Turanci: "Your connection is not private". Kafin ku yi komai, ku kalli kusurwar ƙasa ta dama, inda agogo yake. Wace rana ta nuna? Wace shekara? Sau da yawa za ku tarar ta koma shekaru baya.

Dalilin shi ne, kowane amintaccen shafi yana da takardar shaida mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Burauza tana gwada ranakun nan da agogon kwamfutarku. In agogon ya ce muna 2012, takardar da aka bayar bana ba za ta karɓu ba. Ku danna agogon da ɓangaren dama na linzami, ku zaɓi Adjust date and time, ku gyara. Najeriya da Nijar duka suna kan UTC+1, wanda Windows ke kira West Central Africa. Idan kun gyara yau, gobe ya sake komawa baya, to wani ɗan batir ne a ciki ya mutu. A yawancin kwamfutoci faifai ne mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa 3V, kuma shi ke riƙe agogo idan an kashe kwamfuta. Ba shi da tsada, canja shi ma ba ya ɗaukar lokaci. Amma fa idan ranar daidai take kuma gargaɗin bai tafi ba, kada ku rubuta lambar sirri ko bayanan banki a wannan shafin.

Shafin da ke buɗewa a hargitse, ko yake nuna tsohon abu, ku danna F5. In bai gyaru ba, Ctrl da Shift da Delete za su buɗe wurin share tarkacen burauza. Ku lura da abin da kuka zaɓa: share abin da aka rubuta wa cookies zai fitar da ku daga Facebook da imel, don haka ku tabbata kun san lambobin sirrinku tukuna. Wanda har yanzu yake fama da Internet Explorer ya bar ta, kamfanin Microsoft ya yi mata ritaya tun watan Yuni na 2022.

Sai kuma saƙon tsoratarwa. Kuna cikin karatu sai shafi ya cika fuska da ja, wani lokaci har da jiniya, wai ƙwayoyin cuta sun kama kwamfutarku, ku kira wannan lamba ko ku danna nan. Damfara ce. Saƙon Windows na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Kada ku danna komai a cikinsa. Ku rufe burauzar ta Task Manager. Haka nan idan baƙon shafi ya nemi ku danna Allow, ku danna Block, in ba haka ba tallace-tallace za su yi ta ɓullowa a gefe, wasu ma na rashin kunya, a gaban iyali.

Data na zurarewa

Mutum ya sa data da safe, ya jona kwamfuta da Hotspot na wayarsa, kafin azahar ta ƙare. Windows ce ke sauke sabuntawa a ɓoye, ita da wasu manhajoji. Ku shiga Settings, ku je Network, ku buɗe sunan Wi-Fi ɗin wayarku, ku kunna Metered connection. Wannan zai sa ta rage cin data. Sai dai kada a bar ta babu sabuntawa har abada, domin da ita ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. A nemi ranar da ake da data mai yawa a bar ta ta yi. Windows 7 ta daina samun wannan kariya ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutocin ba su daina aiki ba, amma ni dai ba zan ba da shawarar shiga asusun banki da Windows 7 ba.

Filashi da madannai

Filashin da ya je shagon buga takardu yakan dawo da tsaraba. Ku buɗe shi ku ga folda-foldarku sun koma masu ƙaramar kibiya a jiki. Kada ku danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Ku danna filashin da ɓangaren dama na linzami, ku sa Microsoft Defender, manhajar Windows mai kama cuta, ya bincike shi, sannan wanda ya iya ya fito muku da abin da aka ɓoye.

Idan kuna danna U da I da O amma 4 da 5 da 6 ke fitowa, Num Lock aka taɓa. Idan lambar sirri ta ƙi karɓuwa, ku duba Caps Lock.

A shagon mai gyara

In abin ya gagara, sai a tafi shago. A nan ne ake yawan jin kalmar nan: "Hajiya, sai dai a yi mata fomatin." Fomatin yana nufin a goge komai a zuba sabuwar Windows. Wani lokaci shi ne maganin, amma wasu masu gyara suna gaggawar zuwa gare shi don ya fi musu sauƙi a kan bincike. Ga yadda ya kamata a amsa:

"Malam, in an yi, takarduna da hotunana fa?"

"Za su tafi, sai dai in an kwafe."

"To a kwafe min su a wannan filashin, in gani da idona, sannan a taɓa ta. Kuma ga hoton rubutun da take nunawa, ka duba ko akwai wata hanyar."

A yi cinikin gyara kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. Idan an ce an canja wani abu, a karɓi tsohon. Kafin a bar kwamfuta a shago, a fita daga imel da Facebook. Mai hali kuma ya tambayi farashin SSD, ma'ajiya ce da ba ta da abin da ke juyawa a ciki, kuma takan sa tsohuwar kwamfuta ta yi sauri sosai.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu a gaban kwamfuta. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya haddasa ƙaramar matsala guda: ya sassauta caja, ko ya rage haske, ko ya kunna alamar jirgin sama, ko ya mayar da shekara baya. Na farko ya juyo ya gano ta, yana faɗin abin da yake dubawa da babbar murya. Sai a yi musanya. A gida kuma, kowa ya duba jikin cajarsa ya rubuto lambar da ke gaban harafin V a littafinsa, ya zo da ita darasi na gaba.