Kurakuran da ikilisiyoyin Methodist suka fi yi wajen tsara shirin shekaru masu zuwa

A cocin Methodist fasto ba ya zaɓar inda zai zauna, ikilisiya ma ba ta ɗaukar fasto da kanta. Bishop ne ke turo shi, bishop ne ke ɗauke shi, kuma bisa ƙa'ida kowace shekara ana sake duba wannan turawa. Haka abin yake tun zamanin John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya kuma riƙa juya masu wa'azinsa daga wannan yanki zuwa wancan a Ingila. Duk ikilisiyar da ta zauna tsara abin da za ta yi nan da shekara biyar ko goma ta manta da wannan, ta riga ta yi kuskuren farko, kuma yawancin sauran daga nan suke tsirowa.

Ga yadda abin ke faruwa. Sabon Rabaran ya iso da ƙwazonsa, kafin ya cika wata uku ya tsaya gaban jama'a ya ce Ubangiji ya nuna masa makarantar firamare. Aka yi tafi, aka fara tara bulo. Bayan shekara biyu aka ɗauke shi. Wanda ya gaje shi ya zo da nasa, shi gonar ikilisiya yake gani. Na uku kuma katanga. Cikin shekara takwas sai ka tarar da harsashi uku a fili ɗaya, babu wanda aka rufa. Fastocin ba su yi mugunta ba, kowa ya ga buƙata ta gaske. Matsalar ita ce shirin yana cikin kan mutum guda, da aka loda kayansa a mota sai shirin ya bi shi.

Gyaran shi ne shirin ya zama mallakar ikilisiya tun daga rubuta shi. A kafa ƙaramin kwamiti, mutum bakwai ko tara, shugabansa ya kasance ɗan ikilisiya wanda ba a yi wa canjin wurin aiki, fasto ya zauna a ciki ya ba da ja-gora ta ruhaniya. In an gama, a kai shi taron shekara na ikilisiya wanda shugaban gunduma ke jagoranta, a zartar, a shigar da shi cikin littafin rahoton taro. Kwafi ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin shugaban 'yan ikilisiya, ɗaya a ofishin gunduma. Ranar da sabon fasto ya zo, a miƙa masa shi tare da makullin gida. In yana da sabon tunani, marhabin, amma dattijo zai iya ce masa cikin ladabi: "Baba Rabaran, wannan mun riga mun zartar da shi a taro, in za a canza sai a koma can." Wannan ba raini ba ne. Tsarin Methodist ɗin ke nan, taro ne ke yanke magana.

Su wa aka zauna da su, da wane harshe

A Taraba, inda cocin ya kafu tun da ɗan mishan C. W. Guinter ya buɗe aiki a Bambur a 1923, aka daɗe ana kiransa EKAS Lardin Muri kafin ya ɗauki sunan United Methodist, sujada da Hausa ake yi a yawancin majami'u, a haɗa da Mumuye ko Jenjo ko yaren wurin. Amma da an ce "tsari", sai a nemo wani ma'aikacin gwamnati ya rubuto shafi ashirin da Turanci, a yi masa bango mai kyau, a ajiye a durowa. Takardar da tsohuwa mai share majami'a ba za ta iya faɗa maka abin da ke cikinta ba, ba ta fara aiki ba. A rubuta da Hausa, a taƙaita a shafi biyu, a karanta a sujada, a manna a bango. In gunduma na son na Turanci sai a fassara mata.

Haka nan batun waɗanda ake kira zaman. Kowa ya san wane ɓangaren majami'a ya fi cika ranar Lahadi, kuma kowa ya san su wa ke ziyarar marasa lafiya, su dafa abincin taro, su tara gudummawa in an yi rasuwa. Zumuntar Mata ce. Duk da haka sau da yawa sai an gama shiri ake kiran shugabarsu a sanar da ita kason da aka yanka musu. Matasa kuwa, waɗanda shekaru goman nan nasu ne, aikinsu jera kujeru. Sanya su a kwamiti kaɗai bai isa ba, don yarinya 'yar shekara ashirin ba za ta musa wa kawunta a bainar jama'a ba. Gara a zauna da kowace ƙungiya daban, mata su kaɗai, matasa su kaɗai, mawaƙa, malaman makarantar Lahadi, a yi musu tambaya iri ɗaya: me ya fi damunku a nan, me kuma za ku iya ɗauka da hannunku? Sai a haɗa amsoshin.

Gini

Nan ne aka fi faɗawa. Ka tambayi ikilisiya goma shirinsu na shekara goma, da wuya ka rasa jin "sabuwar majami'a" a bakin mafi yawansu. Gini yana da daɗin tsarawa domin ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana gayyatar bishop ya aza harsashi. Sai a zana mai cin mutum dubu biyu alhali masu zuwa ɗari uku ne, saboda ikilisiyar ƙetaren hanya ta yi irinta. A yi taron ƙaddamar da asusu, manyan baƙi su yi alkawari a lasifika, ma'aji ya rubuta alkawarin kamar kuɗi ne a hannu. Bayan shekara shida gini yana tsaye a linta, rodi ya yi tsatsa a sama, ciyawa ta fito tsakanin bulo, awaki na kwana a inda aka ce nan ne bagadi. A tsawon shekarun nan kuma kowane baiko gini, kowace sanarwa gini, an daina maganar mai bisharar da ke ƙauye wanda ya yi wata huɗu bai ga albashi ba.

Tarihin Methodist kansa yana da abin faɗa a nan. A 1739 Wesley ya gina ɗakin taro a Bristol, bashi ya hau kansa. A 1742 aka zauna neman mafita, wani da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawarar kowa ya riƙa ba da peni ɗaya a mako. Da aka ce wasu talakawa ne ba za su iya ba, ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikinsu, zai riƙa zagaya su, wanda ya kasa shi zai cika masa. Aka rarraba jama'a ƙungiya-ƙungiya ta kusan mutum goma sha biyu. Masu zagayen nan suka fara dawowa da labarin wane ba shi da lafiya, wane ya koma shan giya, wane gidansa ba zaman lafiya. Daga nan aji, wato irin wannan ƙaramar ƙungiya, ya samo asali, kuma ajin ne ya riƙe Methodist ya yaɗa ta, fiye da ɗakin da aka tara kuɗin dominsa. Saboda haka kafin a rubuta yawan buhunan siminti, a rubuta aji nawa ke raye a ikilisiya, shugabannin aji nawa za a horar kowace shekara, yara nawa za a kai ga baftisma da tabbatarwa, wa za a tura makarantar tauhidi ta Banyam kuma wa zai riƙe iyalinsa kafin ya gama.

In ginin ya zama dole, a yanka shi mataki-mataki yadda kowane mataki zai yi amfani ko da an tsaya a nan. Rufaffen zaure mara filasta ya fi katafaren bango mara rufi. Kada a rushe tsohuwa sai sabuwa ta sami kwano. Kuma Yesu da kansa ya yi maganar mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, a Luka 14:28 zuwa 30, har mutane suka riƙa yi masa ba'a. Wannan ayar ta isa amsa ga masu cewa tsara shekaru biyar rashin bangaskiya ne. Abin da Yaƙub 4:15 zuwa 16 ya hana shi ne fariya, ya ce a riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. A rubuta hakan a saman takardar, sannan a yi lissafin.

Lissafin da ba a yi da gaskiya

Rajistar ikilisiya takan ɗauki sunan wanda ya koma Jalingo ko Yola ko Abuja shekara goma da suka wuce, wani lokaci har da wanda ya rasu. In aka gina shiri a kan wannan adadi, an gina a kan iska. A sa mutum biyu su riƙa ƙirga masu sujada kowace Lahadi na shekara guda, maza, mata, matasa, yara, da damina da rani. Kirsimeti da Ista a ware su gefe, domin ranakun 'yan hutu ne. Abin da zai fito yakan ba da mamaki: wata ikilisiyar za ta gano rabinta yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar, kuma ba su da ko inuwar da za su zauna a yi musu darasi.

Kuɗi ma haka. Wanda ya rubuta kasafin shekara biyar da naira a farkon 2023 ya ga yadda ta kaya: aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, buhun siminti ya wuce naira dubu goma a wurare da dama. Don haka shirin dogon zango a rubuta shi da kaya: buhu kaza, bandir ɗin kwano kaza, albashin ma'aikaci na wata kaza. Farashi kuma a sabunta shi kowace shekara. Kuma tun farko a cire kason da ake aikawa gunduma da babban taro, da albashin fasto da na masu bishara, abin da ya rage shi ne na sabon aiki. Masu fara kasafi da sabon aiki su ne ke zuwa taron gunduma da bashi suna sunkuyar da kai.

Ikilisiyar karkara tana da wani abu da ake yawan yin sakaci da shi. Babban kuɗinta na shigowa ne lokacin godiyar girbi, kuma ba takardar kuɗi ba ce, doya ce da masara da shinkafa da gyaɗa. Sai a yi gwanjonsu nan take a ƙofar majami'a, a daidai lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Ƙaramin sito mai kyau, da mutum biyu masu riƙe makulli daban-daban, da littafin shiga da fita, zai sa a riƙe hatsin zuwa lokacin da ya yi daraja. Ni a ganina sito ya cancanci shiga shiri kafin hasumiyar ƙararrawa.

Taimakon abokan hulɗa daga Amurka ko wani ɗan gari mai hali alheri ne, amma kada a ɗora albashi ko wani abin da ake biya kowane wata a kansa. In sun haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, tambayar da shiri zai amsa ita ce wa zai sayi famfo ranar da ya ƙone.

Takardun fili

Majami'u da yawa suna zaune a filin da wani dattijo ya bayar da baki shekara hamsin da suka wuce, shaidu duk sun rasu. Gari ya faɗaɗa, fili ya yi tsada, jikoki sun zo da tambaya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma na da ikon ba da takardar izinin zama. A auna fili, a kafa duwatsun iyaka, a sami yarjejeniya a rubuce da iyalin da suka bayar da sa hannun mai unguwa ko dagaci, a bi takardar gwamnati ko da za ta ɗauki shekaru. Wannan ya kamata ya zama aikin shekarar farko.

Sannan a san da sunan wa ake riƙe da dukiyar. A dokar cocin United Methodist, ikilisiya tana riƙe da fili da gini ne amana a madadin cocin gaba ɗaya. Mutane da yawa ba su taɓa jin wannan ba sai da rabuwar 2024 ta zo, lokacin da Bishop John Wesley Yohanna ya koma cocin Global Methodist, aka zaɓi Ande Emmanuel bishop na United Methodist a watan Disamba, gardamar mallakar majami'u da makarantu ta kai har kotu. Ko wane ɓangare ikilisiya take, ko kuma tana ƙarƙashin Methodist Church Nigeria mai nata kundin daban, amintattun dukiya su zauna su karanta abin da kundinsu ya ce kafin a zuba wani sabon kuɗi a ƙasa, su kuma bayyana wa jama'a da Hausa.

Buri ashirin, babu mai ɗauka

Don kada a ɓata wa kowa, sai a rubuta duk abin da aka faɗa a taro: asibiti, makaranta, mota, gona, kayan kiɗa, sababbin majami'u biyar. Alhali buri uku sun isa, huɗu in an matsa. Kowanne a rubuta sunan wanda zai ɗauka, da watan da za a tambaye shi, da inda kuɗin zai fito. "Za mu ƙarfafa bishara" ba ya nuna wa kowa abin yi. "Kafin Ista mai zuwa ƙungiyar maza za ta rufa ɗakin mai bishara a ƙauye kaza da kuɗin doyar godiya" magana ce da za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba.

Shekara huɗu ta fi dacewa da tsawon shiri, tunda manyan tarukan United Methodist ma a kan shekara huɗu suke juyawa. Abin da ya wuce haka a rubuta shi a layi biyu a matsayin inda aka dosa. Kowane wata uku majalisar ikilisiya ta buɗe takardar kafin ta shiga wata magana, magatakarda ya karanta buri ɗaya-ɗaya, mai ɗauke da shi ya tashi ya faɗi inda aka kwana. Wanda ya gagara saboda rikici ya raba mutane da gonakinsu, ko ambaliyar Binuwai ta cinye amfanin shekara, a ɗage shi ko a soke shi a fili, a rubuta dalili da kwanan wata a littafin rahoto, sannan a sanar a sujadar Lahadi mai zuwa.