Yadda ake karanta gajerun rubutun likita a katin magani

Duk shekara idan aka turo mana sababbin ɗaliban jinya, sai in gan su da takardu uku ko huɗu da suka yi hoto a shagon bakin makaranta, cike da gajerun kalmomin asibiti daga A har Z. Sun haddace tsaf. Amma da zarar ka miƙa wa ɗaya katin majinyaci na gaske, da rubutun likitan da ya kwana bai runtsa ba, sai ka ga gumi ya karyo masa. Haddar jeri ba ta koya wa mutum karanta kati, shi ya sa ni ba na barin ɗalibina ya fara da ita. Ba sai kun sayi wani littafi mai tsada ba. Ɗan littafin aljihu da biro sun isa, duk abin da kuka ci karo da shi a ɗakin majinyata ku rubuta shi tare da layin da ya zo a ciki.

Mataki na farko shi ne ku daina kallon layin magani a dunƙule. Kowane layi amsar tambaya biyar ne: wane magani, nawa, ta wace hanya, sau nawa a rana, har tsawon yaushe. Ɗauki wannan: Caps Amoxicillin 500mg PO tds x 5/7. Ku ɗora yatsa a kan kowane yanki ku faɗa da baki da Hausa: kafso na amoxicillin, miligiram 500, ta baki, sau uku a rana, kwana biyar. Idan ɗaya daga cikin biyar ɗin ya ɓace, ko bai karantu ba, layin bai cika ba, kuma ba ku ne za ku cike shi da zato ba.

Na biyu, hanyar da maganin zai bi. PO ta baki, IV ta jijiya, IM cikin tsoka, SC ƙarƙashin fata, SL ƙarƙashin harshe, PV ta gaba, PR ta dubura. Wannan ba ya ba mutane wuya, sai dai PR ɗin. A layin magani dubura yake nufi, amma idan kun gan shi kusa da BP (awon hawan jini) da RR (yawan numfashi) a takardar awon jiki, to bugun jini ne a minti ɗaya. Wurin da aka rubuta shi ne zai gaya muku. NPO kuma ba hanya ba ce, hani ne: kada komai ya shiga bakin majinyaci, ko da ruwa. Ku je ku gaya wa masu jinya da bakinku, domin uwa ba za ta iya kallon ɗanta yana lasar leɓe ba ta ba shi kunu ba, kuma kofi ɗaya na kunu ya isa a ɗage tiyata.

Na uku, sau nawa. Yawancin waɗannan daga Latin aka gutsuro su. od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu. mane da safe, nocte da dare, stat yanzu-yanzu kuma sau ɗaya, prn idan buƙata ta taso. Inda ake tuntuɓe shi ne fassara tds da “safe, rana, dare” a sallami mutum. Na sha ganin wanda ya sha ƙarfe tara, ya sha sha biyu, ya sha bayan magariba, sannan jiki ya kwana har ya hantse babu magani. Ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana son tazarar ta yi daidai: bd awa 12, tds awa 8, qds awa 6. Ni ina cewa, “Baba, ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya ƙarfe goma na dare kafin ka kwanta.” Da lokutan salla mutanenmu ke riƙe rana, kuma ban taɓa ganin hanyar da ta fi wannan zama a kai ba. prn ma ba izinin sha yadda aka ga dama ba ne. Paracetamol, wanda ake gajartawa PCM, babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500mg, duk tsananin ciwon kan.

A kula da od a asibitin ido. A can OD na iya nufin idon dama, OS na hagu, OU duka biyun. Haka qd da wasu suka kwaso daga littattafan Amurka, ma'anarsa sau ɗaya a rana, amma da ɗan karkacewar biro sai ya koma qid, sau huɗu.

Na huɗu, tsawon lokaci. Lambar ƙasa ce mabuɗi: 7 kwanakin mako, 52 makonnin shekara, 12 watanni. Saboda haka 5/7 kwana biyar, 2/52 mako biyu, 3/12 wata uku. Ba kashi-kashi na lissafi ba ne, kuma ba kwanan wata ba ne.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu, wato adadin magani. A nan ne na kusa hallaka baiwar Allah a shekarata ta farko da fara aiki. Aikin dare ne, wutar ɗakin ba ta da ƙarfi, ga wata dattijuwa mai ciwon suga a gado na ƙarshe kusa da taga. Likita ya rubuta insulin 6U, harafin U yana nufin ma'aunin insulin. Sai dai bakin U ɗin ya kusa haɗewa daga sama, ni kuwa na karanta 60. Na zuƙa har ya wuce rabin sirinjin, domin sirinjin insulin ma'auni 100 yake ɗauka a mililita ɗaya. Ina tafe da faranti sai babbar sistarmu ta riƙe mini hannu.

“Ke 'yar nan, nawa kika zuƙa?”

“Sittin, Sista. Haka aka rubuta.”

Ba ta yi mini tsawa ba. Ta ɗauko katin, ta kai shi ƙarƙashin fitila, ta sa yatsa a kan alluran da aka yi wa matar tun jiya: shida, shida, takwas. Ta ce, “Wanda ake ba shida, me ya same shi yau da zai buƙaci sittin?” Ta sa na zubar, ta sa na kira likitan ya zo ya sake rubutawa da cikakkiyar kalma. Da allurar nan ta shiga, suga zai faɗi warwas cikin dare, matar ta yi zufa, ta suma, mu kuwa muna zaton barci take. Har gobe idan na tuna yadda ta ce mini “sannu 'yata” lokacin da na zo da allurar daidai, sai jikina ya yi sanyi.

Daga ranar na kafa wa kaina dokoki, kuma su nake ɗora wa duk wanda ya biyo ta hannuna. Duk adadin da za ku bayar, ku dubi na baya da aka ba majinyacin. Duk inda kuka ga U ko IU (ma'auni na ƙasa da ƙasa) a gaban lamba, ku tsaya ku tabbatar. Ɗigon da ke tsakanin lambobi ma abin tsoro ne: 1.0mg idan ɗigon ya dushe ya zama 10mg, .5mg kuma ya zama 5mg. Daidai shi ne a rubuta 1mg da 0.5mg. Haka mg da mcg, tsakaninsu ninki dubu ne, kuma alamar µg, wata hanyar rubuta mcg, idan aka yi ta da hannu tana kama da mg ƙwarai. Ƙwayar misoprostol da muke amfani da ita a ɗakin haihuwa 200mcg ce, wanda ya ga an rubuta ta da mg ya san akwai kuskure. Ba mu kaɗai wannan ke damu ba. Tun 2004 hukumar Joint Commission da ke tantance asibitoci a Amurka ta hana rubuta U, IU, QD, QOD (sau ɗaya duk kwana biyu), da sifilin da ke bin ɗigo, ta kuma hana MSO4 da MgSO4. Na farko morphine ne, na biyu magnesium sulphate, maganin da muke yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, ga shi kuma a lokacin da kowa ke gudu ake rubuta su.

Kada kunya ta hana ku kiran likita. Na san ɗalibi yana jin nauyin buga wa babba waya ƙarfe biyun dare. Ku yi sallama, ku ce, “Likita, a yi haƙuri, layi na uku a katin gado kaza bai fito mini ba, shida ne ko sittin?” Ku maimaita abin da ya faɗa ya ji, sannan ya zo ya gyara da hannunsa. Kada ku tambayi ɗalibi ɗan'uwanku, shi ma zato zai yi.

Na biyar, bayanan cikin folda. Waɗannan da yawan gani suke zama. c/o abin da ya kawo majinyaci, Hx tarihin ciwon, O/E abin da aka gani da aka duba shi, Dx ko ɗan alwatika cutar da aka gano, Rx magani. Alamar tambaya a gaban sunan cuta tana nufin zargi ake, ba a tabbatar ba, don haka kada ku je ku sanar da dangi. A gwaje-gwaje akwai PCV na yawan jini, MP da RDT na zazzaɓin cizon sauro, FBS suga kafin a karya, RBS suga a kowane lokaci, E/U/Cr na ƙoda, LFT na hanta, CXR hoton ƙirji. A wajen awon ciki LMP ranar fara al'ada ta ƙarshe, EDD ranar da ake sa ran haihuwa, G yawan cikin da aka ɗauka har da na yanzu, P yawan haihuwa.

Masu aiki a garuruwan kan iyaka za su riƙa ganin takardu daga Maraɗi ko Damagaram da Faransanci. A can TA ne awon hawan jini, kuma sukan rubuta 12/8 inda mu za mu rubuta 120/80. cp ƙwaya ce, GE kuma gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Na ƙarshe, ranar sallama. Gajerun nan namu ne mu ma'aikata, kada ko ɗaya ya bi majinyaci gida a jikin ledar magani. Ku rubuta da Hausa, ko ku ja layuka ga wanda ba ya karatu, sannan ku sa mai jinya ya maimaita muku. Idan maganin ruwa ne na yara, ku nuna masa layin 5ml a jikin murfin awon da ya zo da kwalbar, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. TCA 2/52 kuma, wato ya dawo bayan mako biyu, ku lissafa masa ranar da kanku, ku ce ya dawo Talata ta sama, ku rubuta kwanan watan a bayan katinsa.